Taɓo, hazo da minti talatin: muhawara kan fagen da Bappah ya tsara

Bappah Tumfure: Assalamu alaikum jama'a. Fagen nan da na tsara a wasan yaƙi na kwamfuta mai suna Combat Mission: Final Blitzkrieg ya jawo mini surutu daga masu gwaji, to gara in kawo maganar nan kowa ya sa baki. Safiyar 18 ga Disamba 1944 ce a dajin Ardennes na Beljiyam. Amurkawa na da tankokin Sherman biyar da kamfani guda na sojan ƙasa, an umarce su su ƙwato wata mararraba daga hannun Jamusawa. A edita, wato inda ake tsara fage a wasan, na sa hazo mai kauri a sama, ƙasa kuma taɓo, iska kaɗan, lokaci minti 30. Hujjata tarihi ne. Jamusawa sun fara farmakin ranar 16 ga wata, kuma da gangan suka jira irin wannan yanayi don jiragen ƙawance su kasa tashi. Sama ba ta washe ba sai ranar 23. A kwanakin farko ƙasar ba ta daskare ba, a jiƙe take sharkaf. To ina laifin wanda ya sa abin da ya faru?

Auwal Wunti: Wa alaikumus salam. Ni ne mai surutun, ba sai an yi ta ɓoye-ɓoye ba. Bappah, ba wanda ya ce ka yi wa tarihi ƙarya. Cewa na yi wannan ba wasa ba ne, caca ce. Na sauke tankoki daga titi don in zagaya ta hagu, biyu suka kafe tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Guda ta fita, guda ta zauna nan har aka tashi. Na koma titi, ashe bindigar harbin tanka na jirana a kwana, ban kuwa gan ta ba sai da ta yi magana, saboda hazonka. In bi gona in kafe, in bi titi a ƙone ni, in tsaya agogo ya cinye ni. Wace shawara ta rage wa kwamanda?

Bappah Tumfure: Ka tura sojan ƙasa gaba su share kwanar, tankoki su biyo baya a hankali. Haka aka yi a zahiri.

Auwal Wunti: A minti 30? Cikin taɓo? Yaran ba su yi nisa ba suka fara haki, alamar gajiya ta fito a kansu. In na jira su huta lokaci ya tafi. Kai da ka zana taswirar ka san inda ka ɓoye bindigar, shi ya sa kake ganin abin da sauƙi.

Yaya Umar: Ku bi a hankali samari. Bappah, minti talatin ɗin nan, kafin ka sa taɓo ka yanke shi ko bayan ka sa?

Bappah Tumfure: Tun farko haka yake Yaya. Ai nisan bai cika kilomita ɗaya ba.

Yaya Umar: To nan gizo ke saƙar. Kilomita ɗaya a busasshiyar ƙasa da kilomita ɗaya a taɓo ba tafiya ɗaya ba ce. Duk abin da ka ƙara a sama ko a ƙasa sai ka biya kuɗinsa a wani wuri: ko ka ƙara lokaci, ko ka matso da wurin da za a kama, ko ka rage abin da kake nema daga mai kai hari. A wasan nan kowa ya san tanka mai gudu ta fi saurin kafewa. Ke nan taɓo na cewa mai wasa ya tafi a hankali, agogonka na cewa ya yi sauri, kuma duka biyun kai ne ka sa su.

Baba Sajan: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni na tebur nake yi, na kwamfutar jikana ne ke nuna mini, amma zan ce wani abu. Auwal, ka haɗa hazo da taɓo ka yi musu kuɗin goro, alhali hazo a nan ba maƙiyinka ba ne. Mai tsaro yana son ya hango ka daga nesa ya fara ragargazarka kana tsakiyar fili. Doguwar bindigar Panther, tankar Jamusawa, tana fasa Sherman daga nisan da ya wuce mita 1,000, ita kuwa Sherman mai gajeren baki sai ta matso ta samu haƙarƙari. Hazo ya sauko, wannan fifikon ya tafi, kowa ya koma faɗan kusa. Abin da hazo ke ƙwace wa mai kai hari daban ne. Sashe ba ya ganin sashe, mai kiran atilare ba ya ganin inda harsashi ke faɗuwa balle ya gyara, hagu ta yi gaba dama ta tsaya ba wanda ya sani. In wasan ya nuna wannan, ya yi daidai.

Auwal Wunti: Allah ya ƙara girma Baba. Na karɓi maganar hazo. Amma me zan yi da kyautar hazo in ƙasar da zan taka in matso ita ce ke riƙe ni?

Injiniya Hajara: Tun ɗazu nake karantawa, bari in shigo ta ɓangaren da na sani, tunda aikina titi ne da gwajin ƙasa. Abin da na lura da shi a fagagen da ake turowa nan shi ne ana haɗa sama da ƙasa kamar dole su tafi tare. An sa ruwa, sai a sa taɓo. An sa rana, sai a sa busasshe. Edita da kansa ya raba su gida biyu, kuma yana da gaskiya. Sama labarin yau ne. Ƙasa kuwa labarin makonnin da suka wuce take ɗauke da shi, da kuma irin jikinta.

Ku ɗauki misali a nan gida. Ƙasar jigawa mai yashi, in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya da dare, kafin azahar ta shanye, har ma rairayi ya fi ɗaukar mota in ya ɗan jiƙa fiye da lokacin da ya bushe ƙarau. Direbobin ƙauye sun san wannan, a bazara suke kafewa a yashi, ba a damina ba. Baƙar laka irin ta kwarin Gongola, wajen Dadin Kowa zuwa ƙasa, akasin haka take. Da rani takan tsattsage har ka iya zura hannu. Ruwan fari na biyu duk cikin tsagar suke wucewa, samanta ya ɗan yi santsi kawai. Amma in ta ƙoshi ta kumbura ta rufe, wajen marka, ruwa ba ya da inda zai bi. Daga nan ko an yi kwanaki ana rana, samanta ne kaɗai ke yin ɓawo, ka hau ka ga kamar tsandauri, taya ta fasa ɓawon ta nutse, lakar ta kama ta kamar danƙo. Titin marmara kuma nasa daban: ruwa ya taɓa shi ya yi sulɓi, mota ta yi ta zamewa, amma ba ta nutsewa don ƙarƙashinsa da tauri.

Saboda haka rana tsaka da taɓo har gwiwa abu ne mai yiwuwa. Ruwa mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri shi ma yana yiwuwa, hadarin farko na Mayu ke nan. Kafin mai tsara fage ya taɓa edita ya kamata ya amsa wa kansa tambaya biyu: wace irin ƙasa ce, kuma yaushe rabonta da ruwa.

Bappah Tumfure: Anti na gode, amma zaɓin ƙasa a edita guda ɗaya ne ga taswira duka. Ba zan iya cewa nan jigawa can laka ba.

Injiniya Hajara: Kana iyawa ƙanena, da hannu. Ai akwai fale-falen da kake shimfiɗawa ɗaya bayan ɗaya: na taɓo, na fadama, na gonar da aka yi wa huɗa, na titin ƙasa, na kwalta. Ka sauko da babban zaɓin daga taɓo zuwa jiƙaƙƙe, sannan ka bi taswirar ka tambayi kanka ina ruwa zai kwanta. Gindin tudu, bakin rafi, kwari tsakanin tuddai biyu, mashigar gona inda dabbobi da amalanke suka dame. Can za ka zuba taɓon. Ƙashin tudu da gangare ka bar su, ruwa ba ya kwana a kansu. Ban taɓa ganin filin da ya kai kilomita guda yana da laushi iri ɗaya daga wannan baki zuwa wancan ba.

Auwal Wunti: Yawwa! Abin da nake nema ke nan. In na ga kwari da idona na tura tanka ciki ta kafe, ni na jawo wa kaina, ba zan buɗe baki ba. Amma a ce ko'ina na taka kwamfuta na jefa ƙuri'a a kaina, wannan ba dabara ba ce.

Bappah Tumfure: Ban yarda gaba ɗaya ba. Yaƙi akwai sa'a a ciki. A wajen Dom Bütgenbach cikin makon nan da muke magana, tankokin Jamusawa sun kafe a ƙasa mai laushi suna tsakiyar kai hari, ba wanda ya zana musu alama. In ka cire wannan tsoron, mai wasa zai riƙa tuƙa Sherman kamar yana kan titin Bauchi zuwa Gombe. Kuma ku tuna faɗin sarƙar ƙafarta wajen milimita 420 ne, ta T-34 ta Rashawa milimita 500, ta Panther 660. Panther ta fi ta nauyi da kusan tan 15 amma ta fi ta iya taka laushi. Har sai da Amurkawa suka riƙa ɗaura wa sarƙar ƙarin ƙarfe a gefe a ƙarshen 1944 don su faɗaɗa ta. Ina so mai wasa ya ji wannan a jikinsa.

Yaya Umar: Ba wanda ya ce a cire sa'a. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ma tana kafar da tanka lokaci-lokaci. Maganar ita ce nawa za a zuba. Mai tanka ashirin in biyu suka kafe zai ci gaba. Mai tanka biyar in biyu suka kafe an gama da shi, kuma abokin karawarsa bai yi komai ba. Gwargwadon ƙanƙantar fage, gwargwadon yadda ya kamata a rage hannun ƙuri'a.

Malam Ɗahiru Bajoga: Allah ya saka wa Injiniya, ta rage mini aiki. Misali ɗaya zan ƙara mata. Yaƙin Waterloo da aka yi da Napoleon, 18 ga Yuni 1815. Ruwan da ya yi ɓarnar ba ranar ya sauka ba, daren jiya ne. Gari ya waye ƙasa ta jiƙe, jan igwa ya yi wuya, ba a fara faɗa ba sai wajen sha ɗaya da rabi na safe, kuma dunƙulen ƙarfen da igwa ke harbawa, maimakon ya riƙa tsalle yana ratsa sahu, sai ya nutse inda ya faɗi. Da yamma sojan Furushiya suka iso wa Napoleon ta gefe. Wanda zai tsara wannan fage ya sa ruwa a sama ya yi kuskure, wanda ya bar ƙasa a bushe ya fi shi kuskure.

Amma abin da na fi so Bappah ya duba shi ne wannan. Kowa in an ce taɓo sai ya tuna tanka. A Oktoban 1941, da ruwan kaka ya dama hanyoyin Rasha lokacin farmakin Mosko, waɗanda suka fi shan wuya su ne manyan motocin da ke kawo mai da harsashi da abinci, da dawakan da ke jan igwa. Tanka na iya tsallake wurin, amma me za ta sha? Farmakin bai sake motsi sosai ba sai tsakiyar Nuwamba da sanyi ya daskarar da ƙasa. To in kana so mai wasa ya ji taɓo, ba sai ka kafar masa da tanka ba. Ka ba shi rabin harsashi. Ka sa ɗaukin da aka yi masa alkawari a minti na 10 ya zo a na 25, ko ya zo da ƙafa an bar motoci a baya. Ka rage masa atilare, ka rubuta cewa igwa ba ta iso ba. Duk wannan taɓo ne, kuma mai wasa na iya yin shiri a kansa.

Bappah Tumfure: Allah gafarta Malam, wannan ta shige ni. Ɗauki da ƙafa, zan gwada.

Sadiq Yelwa: Ni ɗan wasan kwamfuta na Arma 3 ne, namu ya bambanta. A editan Eden kana da gajimare, ruwa, hazo, iska, kuma ba ya ba ka ruwa sai ka ɗaga gajimare tukuna. Hazonsa na da kyau, kana iya cewa ya kwanta a kwari ya bar kan tudu a fili. Amma ƙasa ba ruwanta, ko an kwana ana ruwa mota gudunta take yi. Abin da nake so in ce shi ne kowane wasa a gwada shi a ga wane zaɓi ne ke canza doka, wane ne ado kawai. Misali ciyawa. Kana kwance kana ganin ka ɓuya, na nesa kuwa kwamfutarsa ba ta zana masa ciyawar wurinka ba.

Yaya Umar: Sadiq ya faɗi gaskiya, kuma gwajin ba shi da wuya. Taswira mara komai, shimfiɗaɗɗiya, ka jera tankoki goma ka kora su daga wannan baki zuwa wancan, ka ƙirga waɗanda suka kafe, ka canza zaɓin ƙasa ka sake. Hazo ma haka, ka ajiye soja a nisa daban-daban ka ga inda ake fara ganinsa. Wani abin da ake mantawa shi ne kwanan wata da sa'a. Mu nan rana da dare kusan kunnen doki suke duk shekara. A Ardennes tsakiyar Disamba hasken rana wajen awa takwas ne kacal, ƙarfe bakwai na safe dare ne. Wanda ya sa hari ƙarfe shida don ya saba ganin gari ya waye a Gombe a lokacin, ya tsara faɗan dare bai sani ba.

Sadiq Yelwa: To Yaya in mutum na son ya yi fage irin na ƙasarmu fa, lokacin hunturu? Hazo kawai zai sa?

Baba Sajan: A'a yaro. Hazon Turai laima ne, yana tafe da jiƙaƙƙiyar ƙasa, sau da yawa rana ta ɗaga ya watse. Namu ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga hamadar Chadi, daga Nuwamba zuwa Maris. Yana iya yini ya kwana, har jirgi ya kasa sauka. Ƙarƙashinsa ƙasa ta bushe ƙamas, mota na bin ko'ina, rafuka sun zama hanya. Ke nan gani ya ragu amma gudu ya ƙaru, akasin fagen Bappah. Ga kuma ƙurar da ayari ke tayarwa, wadda ke tona asirinsa a ranar da garin ya washe. Ga busasshiyar ciyawa, harsashi ɗaya mai wuta ya isa ya tada gobarar daji, kuma iska ta san inda za ta kai ta. Wanda ke arewa maso gabas hayaƙinsa na tafiya kan abokin gaba. Wanda ke kudu maso yamma in ya jefa hayaƙi a fuskarsa zai dawo.

Malam Ɗahiru Bajoga: Hazon ƙura ya taɓa rusa aiki sukutum. Afrilun 1980, jirage masu saukar ungulu takwas da Amurka ta tura Iran don ceto mutanenta sun faɗa cikin guguwar ƙura a hamada, ba su isa wurin haɗuwa yadda aka tsara ba, aka soke aikin. A ƙarshen Maris 2003 ma guguwar rairayi ta rage wa sojansu gudu a hanyar Bagadaza na 'yan kwanaki.

Injiniya Hajara: Ku ƙara da amfanin gona, don shi ma yanayin ƙasa ne. Fili ɗaya a wajen Kumo ko Alkaleri, a watan Satumba dawa ta fi tsayin mutum, ba ka ganin taku goma. A Janairu an girbe an kwashe kara, kana hango mutum daga ƙarshen gona. Kunya kuma tana nan duk shekara: mai bin tsawonta ya wuce lafiya, mai ratsa ta a kan taya huɗu sai ya rage gudu. Sai kwazazzabai irin waɗanda suka yanka garin Gombe. Da rani maɓoya ce da hanya. Da damina ruwa kan zo cikinsu da ƙarfi alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba, can sama aka yi shi.

Auwal Wunti: Mu dawo kan ɗaya maganar da muka yi da Bappah a waya. Takardar bayanin farko ba ta ce komai kan ƙasa ba. Sai da tanka ta nutse na sani.

Bappah Tumfure: Ai yana nan a allon yanayi in ka duba. Kuma ina son ɗan ba-zata.

Baba Sajan: Bappah, ɗana, ba-zata na abokin gaba ne. Kwamandan da ya kwana a wurin ya san an yi kwanaki ana ruwa, takalminsa ya gaya masa, direbobinsa sun yi masa ƙorafi tun jiya. Ka ɓoye bindigar da ke kwana, haƙƙinka ne. Amma ka rubuta masa cewa mako guda ke nan ana yayyafi, motar abinci ta kafe a gonar da ke bayan coci daren jiya, masu leƙen asiri sun ce gangaren hagu na ɗaukar nauyi. Kana ma iya sa rahoton ya zama rabinsa ne daidai, don haka rahoto yake. Kakanninmu da suka je Burma, runduna ta 81 da ta shiga kwarin Kaladan a 1944, da 'yan dako suka tafi suna ɗauke da kaya a ka, jirgi na jefo musu abinci, don tun kafin a tashi an san ƙasar ba ta mota ba ce. Sanin ƙasa shi ke fara zuwa, sannan a zaɓi abin da za a tafi da shi.

Bappah Tumfure: Na ji Baba. Zan fitar da iri biyu. Na farko yadda yake, taɓo ko'ina, amma minti 50. Na biyu jiƙaƙƙe da taɓon hannu irin na Anti, minti 40, ɗauki da ƙafa. Duka da bayanin ƙasa a takarda. Har yanzu ina ganin na farkon ya fi kama da Disambar 1944, amma gani ya kori ji.

Malam Ɗahiru Bajoga: Tunda an taru, ni ma ga tawa. Ina shirya teburin yashi don ɗalibaina kan yaƙin Burmi, nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Funakaye. Ba don nishaɗi ba, don su fahimci abin da ya faru. Ku lura da watannin da Turawa suka yi tafiye-tafiyensu: Bauchi Fabrairun 1902, Kano Fabrairun 1903, Sakkwato Maris 1903. Duk rani. Sarakunanmu ma kafin su bayan kaka suke fita, an girbe, rafuka sun janye, doki na da hanya. Burmi ce ta fita daban. Harin da aka kai a Mayu an mayar da shi baya. Na ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903 ne, damina ta zauna, a nan Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, Allah ya jiƙansa, Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa shi ma a nan aka kashe shi. Gari ɗaya, ganuwa ɗaya, ƙasa iri biyu. A teburin Mayu zan sa ƙasa tauri, fili a buɗe, zafi da ƙishirwa su riƙa rage ƙarfin masu hari. A na Yuli zan sa shuka ta tashi tana ɓoye mutum, hanyoyi sun yi laushi, 'yan dakon igwa na tafiya rabin tafiyarsu. Inda na tsaya shi ne ruwan sama. In jefa ɗan lido kowane zagaye, ko in yanke tun farko?

Yaya Umar: A Advanced Squad Leader, wasan yaƙi na tebur wanda ya fito a 1985, jifa ake yi a farkon kowane zagaye, iska na iya juyawa ko ta ƙaru. Yana aiki. Amma tunda kai kana da alƙali a tebur, Malam, kana da abin da ya fi haka. Ruwanmu ba ya zuwa babu sallama. Hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi tsit da zafi, iska ta taso da ƙura, sannan ruwa. Alƙali ya rubuta zagayen da ruwa zai sauka a takarda ya ninke, ya riƙa sanar da alamun ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi ya yanke da kansa, ya afka yanzu ko ya jira. Wani lokacin kuma hadarin ya watse ba a yi ruwan ba.

Sadiq Yelwa: To wa ruwan zai taimaka? Ni a ganina masu ganuwa, tunda su a zaune suke.

Baba Sajan: Ba kai tsaye ba. Albarushin bindigar gargajiya in ya sha laima ba ya kamawa, tsirkiyar baka ta fata tana saki. Harsashin Turawa a cikin kwanson tagulla yake, bindiga mai ruwa ba ta damu da yayyafi ba. Ta nan ruwa ya cuci masu gari. Amma ruwa mai ƙarfi na rufe gani, kuma duk ƙarfin Turawa a nisa yake. In gani ya dawo taku hamsin, mai takobi da mashi ya samu abin da yake nema. Malam, ka raba shi biyu. Lokacin da ake tsuga shi, gani ya ragu ƙwarai, masu gari su samu damar fitowa. Bayan ya ɗauke, gani ya dawo, baka da bindigar gargajiya su yi rauni na wasu zagaye, ƙasa kuma ta ƙara laushi ga kowa.

Injiniya Hajara: Kuma laushin kada ya koma da ɗaukewar ruwan. A ƙarshen Yuli ƙasar ta riga ta ƙoshi, abin da ya sauka zai zauna har a tashi daga teburin.

Malam Ɗahiru Bajoga: Madalla. Alamu zagaye biyu, ruwa zagaye biyu, raunin baka zagaye uku, laushi har ƙarshe. Zan rubuta dokar a takarda ɗaya in turo da daddare. Ina bukatar masu gwaji kafin in kai wa yara. Auwal, kai za ka riƙe ganuwa, Sadiq ya ɗauki masu hari, Baba ya yi mana alƙalanci ta waya in ya samu sarari.

Auwal Wunti: Na karɓa Malam. Sharaɗina ɗaya, takardar ruwan a hannun Baba za ta zauna, ba a hannun Bappah ba.